Shishar Aljihu da Lambar da Ba Mu Karantawa

Duk abin da ya shigo ƙasar nan sai ya samu suna kafin ya samu wurin zama. Babur ɗin haya ya shigo, muka ce kabu-kabu, mutanen Benin suka ce zemijan, Kanawa suka ce acaɓa. Salula ta shigo, ta jawo rezo da kiredi a bayanta. To ga wani baƙo kuma ya iso fadojin matasa. Ɗan ƙarami ne, wani kamar bik mai kauri, wani kamar kwalin ashana, ana zuƙarsa yana fitar da farin abu mai ƙamshin mangwaro ko kankana ko na'ana'a. Likitoci da ƴan jarida suna ce masa sigarin lantarki. A fada kuwa ban taɓa jin wanda ya kira shi da wannan suna ba.

A Yamai, inda nake karatun kimiyyar harshe, ɗalibai puf suke cewa, sunan da suka ɗauko daga bakin matasan Faransa. Da sunan ya iso garinmu Bana sai harshe ya yi masa abin da ya saba. Hausa ba ta da p tata ta kanta, sai ta mai da ita f, mu kuma mutanen yamma in f ta zo gaban u sai ta koma h, kamar yadda muke cewa huɗu da hura. Shi ke nan puf ta zama huf. Waɗanda suke shiga Kamba da Birnin Kebbi kuma sun dawo da bef, don v ma ba mu da ita, b muke sa mata, kamar a direba da talabijin. Amma sunan da ya fi kama bakin mutane shi ne shishar aljihu.

Wannan sunan ba ƙaramin aiki yake yi wa na'urar ba. Kalmar sigari tana da nauyi a gidajenmu. Saurayi ba ya kunna ta gaban mahaifinsa, budurwa ko kusa ba ta zuwa, warinta kuma yana tona asirin mai ita tun daga zaure. Shisha kuwa yawancin matasa sun ɗauke ta wasa, ruwa da ƙamshin kayan marmari. Da aka ce wa baƙon nan shisha, sai ya shige ƙofofin da sigari ba ta isa ta bi ba. Na ga yaron da in ka miƙa masa karan sigari zai yi a'uziyya, amma ga huf a aljihun wandonsa na lakkol.

Haka ma abin da take fitarwa. In ka yi magana sai a ce maka, "Kai, wanga ba hayaƙi ba ne, tururi ne." A kunnen Bahaushe tururi na tukunya ne, ko na suracen da ake yi wa mai mura, abu ne mai tsabta da magani. Gaskiya ne babu wuta a cikin na'urar, ba a ƙona ganye. Sai dai abin da ke fitowa ba tururin ruwa ba ne. Ruwan da ake zuba mata haɗi ne na sinadarai biyu masu yauƙi, gilisarin da firofilin gilaikol, da kayan ƙamshi, da nikotin, wato sinadarin da ke cikin ganyen taba wanda yake kama mutum. Zafi ne yake tarwatsa su su zama ƴan mitsi-mitsin ɗigo da ke shiga huhu. Turawan Ingila sun ƙirƙira wa wannan aiki sabuwar kalma, har masu ƙamus na Oxford suka zaɓe ta kalmar shekarar 2014, Faransawa ma suka yi tasu, duk don a raba shi da shan taba. Mu dai har yanzu sha muke cewa, kamar yadda Zabarmawa suke amfani da kalma guda ga ruwa da ga taba. A nan kam harshenmu bai yarda an ruɗe shi ba.

Na'urar kanta ba ta da wuyar ganewa. Wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙera irin wadda ake yayi yanzu a 2003. Shi kansa mashayin sigari ne, kuma cutar dajin huhu ce ta kashe mahaifinsa. Yau mafi yawansu a birnin Shenzhen ake yin su. A ciki akwai batir na litiyam irin na salula, da ƴar siririyar waya a naɗe tare da auduga, da ɗan tulun da ke riƙe ruwan, da bakin da ake zuƙa. In aka ja iska, batir ya tura wuta cikin wayar, ta yi zafi, ruwan da ya jiƙa audugar ya tashi. Wannan wayar mu rezistan muke ce mata, ƴan tsallaken Najeriya su ce koyil, sunan da suke kiran maganin sauro mai naɗi. Iri biyu ne a kasuwa: akwai wadda ake ƙara wa ruwa ana canza mata rezistan, akwai kuma ta sha-ka-yar, wadda in ta ƙare an gama da ita.

Mu da muka taso a yankin Gaya mun san yadda kaya suke tafiya. Abin da aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Kwatano yakan hau mota zuwa Malanbil, ya ƙetare gadar kogin Kwara ya shigo mana. Wani kuma daga Legas yake biyowa ta Kamba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka, gada ta tsaya, mutane da kaya suka koma kwalekwale. Ƙaramin abu irin wannan ba ya rasa hanya, yana shiga jaka ko aljihu ya ƙetare. Abin da ba ya biyo shi kullum shi ne kayan gyaransa. Za ka samu na'ura yau, wata biyu ka nemi rezistan ɗin da ta dace da ita ka rasa, don wanda ya kawo ta ya koma sayar da wani samfuri. Takardar bayanin da ke cikin kwali kuwa da Turanci da Sinanci aka rubuta ta, da ƙananan baƙaƙe, kuma ita ce abu na farko da ake yarwa. Saboda haka duk ilimin kula da ita a baki yake yawo, daga fada zuwa fada, wani daidai, wani kuma ya lalace a hanya.

Mutumin da na fi gani yana kula da tasa shi ne ɗan kawuna, wanda yake kabu-kabu tsakanin Gaya da Bana. Ya girme ni sosai. Ya yi shekaru yana shan sigari, har tari ya fara tashinsa da dare, sai wani abokin sana'arsa ya kawo masa irin wadda ake ƙara wa ruwa. Tun daga nan ya bar sigari gaba ɗaya. A hutun bara na zauna kusa da shi yana kwance ta a kan tsumma kamar yadda yake kwance kaburetan babur.

Na ce, "Yaya, duk wagga hidima saboda ƴar wagga aba?"

Ya ce, "Ƙane, wagga aba ta fi babur son a bi ta. Babur in ka ƙi shi, hanya zai bar ka. Ita ko in ka ƙi ta, ƙirjinka za ta ƙona, ko cinyarka."

Dokokinsa ba su da yawa, kuma da na bincika daga baya na tarar sun yi daidai da abin da masu ƙera ta suke faɗa. Ba ya bari ruwa ya ƙare ƙaf a tulu, don in auduga ta bushe wayar za ta ƙona ta. Wannan ɗanɗanon ƙauri da ke shaƙe mutum alama ce ta haka, kuma a lokacin ne na'urar take fitar da sinadarai masu cutarwa irin su fomaldihaid da akrolin. Duk rezistan ɗin da ta fara ƙauri cire ta yake yi, ba ya lallaɓawa. In ya sa sabuwa, sai ya ɗiga mata ruwan a kan audugar, ya cika tulu, ya ajiye kamar minti 10 kafin ya zuƙa. Tulun da bakin yana wanke su da ruwan ɗumi, ya bar su su bushe sarai kafin ya haɗa. Da hunturu, lokacin da ƙura take shiga har cikin tukunyar miya, a ƴar jaka yake sa ta. Kuma ba ya ba kowa aro. A fada akan zagaya da abu guda baki biyar, baki shida, alhali ƙwayoyin mura da ciwon baki da sauran cututtuka ba sa tambayar ko abokinka ne.

Zafin ƙasarmu shi ne babban abokin gabarta. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake wuce 40, ruwan yakan tsinke ya riƙa yoyo, ya taru a baki, mutum ya zuƙo shi a harshe. Rana kuma tana sa shi ya yi duhu ya canza ɗanɗano. Batir ɗin ya fi komai haɗari. Ɗan kawuna ba ya ajiye ta a kan tankin babur ko inda rana take duka. Ba ya barinta a caji ya kwanta barci, balle a ƙarƙashin matashi. A ƙauye, inda mutane da yawa suke kai salula wurin mai caji da janareto ko sola, ba ya yarda a cusa tasa cikin tarin wayoyi da kowace irin caja. Masu irin wadda ake cire wa batir, mai lamba 18650, wato kaurin milimita 18 da tsawon 65, su kuma haɗarinsu aljihu ne. In batir tsirara ya haɗu da makulli ko ƴan canji, ƙarfe ya haɗa kai da gindi, zai iya kamawa da wuta nan take. Batir ɗin da ya kumbura, ko rigarsa ta yage, ko yake zafi ba dalili, ba na gyara ba ne.

Shi babba ne, ya san abin da ya gudo daga gare shi, yana kuma da ɗan kuɗin sayen rezistan. Damuwata tana wurin ƙannenmu, ƴan shekara 14 zuwa 17, waɗanda sha-ka-yar suke samu, sau da yawa ma wadda wani ya sha ya yar. Mu mutane ne da ba ma yar da abu. Tsohuwar taya takalmi ce, gwangwanin tumatir ma'auni ne, kuma wannan hali ya rufa mana asiri a wurare da yawa. Amma a nan yana iya cutar da mu. Na ga yara sun ɓalle gindin huf da wuƙa, sun yanke wayar caja, sun feƙe bakinta, sun ɗora jan waya da baƙa kai tsaye a kan batir suna riƙe da yatsa. Irin wannan batir iyakarsa bolt 4.2. A salula akwai ɗan abin da yake yanke wuta in ya cika. A tsohuwar sha-ka-yar da ba a yi ta don caji ba, babu mai yankewa sai Allah. Da na ce wa ɗaya ya bari, sai ya ce, "Yaya, ai mun saba, in ta yi zafi muna sakewa." Wato yatsansa ne ma'auninsa.

Bayan caji sai maganar ruwa, tunda audugar ciki ta bushe. Nan ne kowa yake zama masani. Wani ya samo ragowar ruwa a kwalba marar suna, wani ya ce a ƙara ruwan sha, wani har ya kawo shawarar a ɗiga turare na mai tunda ƙamshi ake nema. Wannan na ƙarshe shi ya fi tayar mini da hankali. Huhu ba ya iya fitar da mai. Daga 2019 zuwa watan Fabrairun 2020 a Amurka an kwantar da mutane fiye da 2,800 a asibiti da ciwon huhu mai tsanani, 68 suka rasu. Binciken hukumar lafiyarsu ya kai ga wani sinadari mai maiƙo na bitamin E da masu haɗa ruwan wiwi a ɓoye suke ƙarawa don ya yi kauri. A fata ba ya cutarwa, har a man shafawa ana sa shi. Da ya shiga huhu sai ya zama ajali. Can suna da injin taimaka wa numfashi a kowane babban gari. Yaron da numfashi ya ɗauke masa a Bana sai an nemi abin hawa zuwa Gaya, daga nan wataƙila Doso, wataƙila Yamai, tafiyar kusan kilomita 300.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na lissafa kalmomin da fadarmu ta mallaka game da wannan na'ura. Muna da sunanta har uku. Muna da rezistan da koyil. Ruwan muna ce masa likid, ƙamshin muna ce masa gu ko filebo. Yawan zuƙar da aka rubuta da manyan lambobi a kwali kowa ya haddace, har gardama ake a kai. Abu guda ne ba shi da suna a bakin kowa: wata ƴar lamba a gefen kwali, 2% ko 5%, wani lokaci a rubuta 20mg ko 50mg. Na tambayi matasa da dama ma'anarta. Wani ya ce ƙarfin batir ne. Wani ya ce yawan sukari ne.

Wannan lambar yawan nikotin ce. 5% na nufin miligiram 50 a kowace mililita ɗaya ta ruwan. Ƙasashen Tarayyar Turai sun kafa doka tun 2014 cewa kada ya wuce miligiram 20, kada tulun kuma ya wuce mililita 2. Wadda take da 5% ba ta halatta a kasuwar Faransa ba, amma ga ta a teburin mai sayar da alewa. A yi lissafi: mililita 10 a 5% miligiram 500 ke nan na nikotin a cikin abu guda. Karan sigari ɗaya, abin da yake shiga jinin mai sha bai cika wuce miligiram 1 zuwa 2 ba. Ba duk abin da ke cikin tulu ne yake shiga jiki ba, amma ko an rage rabi lissafin yana da ban tsoro. Da can nikotin mai yawa haka yana kartar maƙogwaro, mutum ya yi tari ya ajiye. Tun wajen 2015 kamfanoni suka fara haɗa shi da wani asid da ke sa shi laushi, sai ya wuce sumul. Sigari kuma tana da ƙarshe, in kara ya cinye an tashi. Wannan ba ta cinyewa a zama ɗaya, tana aljihu a aji, a gado, a bayan gida.

Likitoci sun nuna ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma nikotin ya fi saurin kama wanda ya fara da ƙuruciya. Alamomin da yara suke ɗauka wasa, jiri da tashin zuciya da bugun ƙirji da ciwon kai, jiki ne yake cewa abin ya yi yawa. Alamar da ta fi su muni ita ce ranar da caji ya ƙare, yaro ya kasa zama wuri guda, ya yi faɗa da kowa, ya bi rana yana neman inda akwai wuta. A ranar ake gane wa yake yi wa wani hidima. Hausawa sun ce sabo turken wawa. Ruwan kansa guba ne in ƙaramin yaro ya haɗiye, ga shi da launi da ƙamshi irin na alewa, a gidajen da ɗaki guda ake kwana da ƙanne.

Ba ina cewa ɗan kawuna ya yi kuskure ba. Hukumomin lafiya na Ingila sun daɗe suna cewa ga wanda ya riga ya kamu da sigari, in ya bar ta ɗungum ya koma wannan, cutarwar ta ragu sosai, don kwalta da iskar gubar da ƙonewa take haifarwa babu su. Amma su ɗin dai suna cewa wanda ba ya shan taba kada ya fara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi su tsanani a kan batun, Indiya kuma ta hana sayar da ita gaba ɗaya a 2019. Faransa ta hana sha-ka-yar a Fabrairun 2025, Ingila ta bi a watan Yuni na shekarar, saboda yara da kuma shara. A Ingila an ƙiyasta a 2023 cewa miliyan 5 ake yarwa kowane mako. Mu mutanen Gaya mun san inda kayan da Turai ta ƙi suke dosa, dilolin gwanjo da tsofaffin motoci ta gabanmu suke wucewa. Dokar yaƙi da taba ta Nijar a 2006 aka yi ta, lokacin da ba wanda ya taɓa ganin huf a ƙasar nan.

Sharar ma tamu ce. Kowace sha-ka-yar da aka jefar batir ne na litiyam da ragowar nikotin. A garinmu shara ƙonawa ake yi, batir kuma fashewa yake a wuta. Wadda ba a ƙona ba ruwan damina zai ja ta zuwa fadama, inda ake noman rake da shinkafa, inda ruwan rijiya yake kusa da sama. Ƙananan yara kuma suna tsinta, don wasu suna da ƴar fitila da ke ƙiftawa in an zuƙa.

Mu da muke wannan ɗan littafi ba mu da ikon rufe iyaka ko kafa doka. Amma kalma aikinmu ce. Shawarata biyu. Ta farko, mu kira abin da sunan da ya dace da abin da ke cikinsa. Tabar lantarki ce. In uwa ta ji an ce ɗanta yana shan shishar aljihu za ta iya ɗauka wani abin wasa ne, in ta ji taba ta san inda aka dosa. Ta biyu, mu raɗa wa lambar nan suna. Ni dai ƙarfin taba nake ce mata, kuma na gwada a fada an gane nan take, don duk mai dafa shayi ya san bambancin na farko da na uku. Duk wanda zai saya, ko da ba za mu iya hana shi ba, ya iya tambayar mai tebur, "Ƙarfinta nawa?" Abokanmu masu jin Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci da Kyanganci su nemo yadda za a faɗe shi da nasu harsunan, a kai wa gidajen rediyon karkara, inda iyaye suke saurare.

Hutu ya kusa, yawancinmu za mu koma gida. In ka ga kwalin nan a hannun ƙanenka ko ƙanwarka, kada ka fara da mari, don gobe zai ɓoye maka ne kawai. Karɓi kwalin, ka nemo ƴar lambar da ke gefe, ka zauna ka fassara masa ita da harshen da kuke magana a gida, ka nuna masa abin da batir yake yi in an ɗora masa waya tsirara. Iyayenmu sun biya kuɗin makaranta don mu iya karanta irin waɗannan ƙananan baƙaƙen.